Malam Lawali, Wanda Ya Ƙi Kiran Ulu Auduga

Da hantsi labarin ya same ni. Ina zaune a ƙofar ɗakina, na miƙe ƙafafu ina jiran rana ta ɗan gasa mini gwiwoyi, sai salula ta yi ƙara cikin aljihu. Kafin in lalubo ta ta katse, sannan ta sake. Mutari ne, babban ɗan abokina Malam Lawali. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Baba, sai haƙuri. Abokinka ya cika." Na yi salati, na tambaye shi yaushe. Ya ce bai daɗe ba. Ya sha ɗan kunu, ya ce a gyara masa matashi, aka gyara, shi ke nan. Za a yi masa sutura bayan azahar.

Ba zan ce ban yi zato ba, don tun farkon damina ciwo ya kwantar da shi. Amma zato daban, ji daban. Na daɗe zaune da salular a hannu kafin in tuna ba ni da wanda zan shiga gida in gaya wa. Ɗan kabu-kabu ya kai ni, aka yi salla da ni, amma maƙabarta ta fi ƙarfin ƙafata. Na tsaya a ƙofar gida ina kallo har makarar ta ɓace mini.

Ban ɗauki alƙalami don in ƙara yabo a kan wanda aka riga aka yi masa ba. An yi masa yabo har ya gundure ni, kuma mafi yawansa daga bakunan da, da akwai kunya, da ba su buɗe ba. Lawali bai bar bene ba, bai bar garke ba. Abu ɗaya ya bari mai daraja, sunansa, wanda 'yan kasuwa da 'yan duwan, wato kwastan, na wannan yanki suka san cewa in yana kan takardar kaya, to abin da aka rubuta shi ne ke cikin mota. Ranar da ya rasu akwai wata kamiyo, babbar motar kaya, tsaye a bakin gari, ɗauke da dilolin ulu, mai kayan yana son a rubuta cewa auduga ce, a kuma rubuta da wannan suna. Lawali ya ƙi har numfashinsa na ƙarshe. Abin da aka yi da sunan bayan an rufe shi ne ya hana ni yin shiru. Amma bari in fara da mutumin.

Tare aka sa mu lakwal, wato makarantar boko, shi daga Icirnawa, ni daga nan Matameye. Tare muka sha bulalar mushe ɗaya, malaminmu na aji, tare muka wuce Damagaram, tare kuma aka ɗauke mu aikin duwan. Ni na zauna a tebur ina rubutu har na ajiye aiki. Shi kuwa ya zama mai duba kaya, wanda ke hawa mota ya kwance igiya ya ga abin da ke ciki da idonsa.

Aikinsa na farko a arewa aka kai shi, inda motoci ke sauka bayan sun ratso Sahara. A can ne ya yi kuskuren da ya riƙa ba da labarinsa har tsufa, yana yi wa kansa dariya. Wani tsohon Balarabe ya kawo diloli, Lawali ya ɓarke ɗaya ya cusa hannu, ya ji laushi, ya ga fari, ya rubuta auduga. Wa zai ga laifinsa? Mu tumakinmu, uda ne ko balami, gashi gare su gajere kamar na akuya, ba a yi musu aski, ba a kaɗa gashinsu a yi zare. Duk ɗan ƙasar nan in ya ga abu fari mai laushi an shiɓe shi, kakarsa ce ke faɗo masa a rai da bakan shiɓarta da mazarinta. Tsohon ya leƙa takardar, ya figi ɗan kaɗan daga dilar, ya ƙyasta ashana, ya kai wa Lawali daidai hanci. Ƙauri ya tashi kamar ana babbakar kan rago da Layya. Tsohon ya ce masa, "Yaro, a wace gona wannan ya tsiro?"

Abin da Lawali bai taɓa mantawa ba shi ne, da tsohon ya yi shiru, shi ke da riba. Yakan ce Balaraben nan bai koya masa ulu kaɗai ba. Daga ranar ashana ba ta sake rabuwa da aljihunsa ba, shi da ko sau ɗaya bai taɓa sa taba a baki ba. Direbobi suka sa masa Malam Ashana, yana ji yana amsawa.

Na sha ganinsa yana wannan aikin, kuma bai taɓa yin sa da gaggawa ba. Zai figi ɗan tsakure daga tsakiyar dila, ba daga baki ba, don ya san a baki ake sa abin da ake son a gani. In auduga ce, wuta na taɓa ta sai ta kama fuu, ta bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda. In na roba ne, irin wanda ake yi a masana'anta, sai ya narke ya dunƙule ya yi tauri kamar tsakuwa. Ulu kuwa ba ya son wuta. Sai ya takure, ya yi ƙauri, ya mutu da kansa, ya bar ɗan baƙin gawayi da ke murtsukewa tsakanin yatsu. Yakan ce, "Ido ana yi masa wayo, hannu ma ana yi masa. Hanci kuwa abin da ya shaƙa shi yake faɗa."

Gane cewa ulu ne ba shi ne ƙarshen aikin ba. Littafin tarif, wanda ƙasashe suka yarda su riƙa kiran kaya da shi, ya ba ulu babinsa, na hamsin da ɗaya, ya kuma rarraba shi gida-gida. Akwai ɗanye, yadda aka aske shi daga jikin tunkiya, da maiƙonsa da ƙarangiyarsa. Akwai shiɓaɓɓe, wanda aka wanke aka bi da shi ta inji mai haƙoran waya har ya buɗe ya yi sakayau, silinsa na kwance ta ko'ina. Akwai tajajje, wanda aka ƙara wa aiki har silin ya kwanta layi ɗaya sumul. Akwai kuma diddiga, abin da ya zube a ƙasan inji. Kowanne da gurbinsa da abin da ake biya a kansa, kuma da yake daga jikin dabba ya fito, ba ya ƙetare iyaka sai da shaidar inda ya fito da ta likitan dabbobi. In ɗan kasuwa ya ce masa ai duk ulu ne, me ye na wahala, sai ya ce, "Gero da gari da fura daga zangarniya ɗaya suka fito. Je ka kasuwa ka sayi fura da kuɗin gero mu gani."

Da ya ajiye aikin gwamnati sai ya buɗe biro nasa, wato ofis, a bakin babbar hanya, ɗaki ɗaya da tebur biyu, ya zama tiranziter, wato mai shirya wa 'yan kasuwa takardun fitar da kaya a duwan. Mutane suka ce yanzu kam Malam zai huta ya ci arziki, tunda ya san duk inda ƙofa take. Sai ga shi bai sauya komai ba. Ba ya rubuta sunan kayan da bai gani ba. Da furfurarsa da komai zai naɗe riga, ya taka taya, ya hau kamiyo, mai kaya na ƙasa yana cizon yatsa. Da yawa sun kwashe takardunsu sun koma wani wuri. Waɗanda suka zauna da shi kuwa sun ga amfanin zaman, don a hankali 'yan duwan suka gane cewa motar da ta zo da hatiminsa ba sai an sauke ta har ƙasa ba. A duba sama-sama, a daidaita da takarda, a ɗaga mata hannu. Wannan amanar ba a rana ɗaya ya same ta ba, kuma ba gwamnati ce ta rubuta masa ita ba.

Ba zan yi masa ƙarya ba don ya mutu, shi da ya ƙi yi wa dila ƙarya. Lawali mutum ne mai taurin kai da kaifin harshe. In ya kama ka da kuskure, sai kowa da ke wurin ya ji. Mutari, wanda ya taso a biron nan ya kuma iya aikin, ban taɓa jin uban ya ce masa madalla ba. In aiki ya yi kyau sai ya yi shiru, in ya ɓaci sai ya tara masa jama'a. Na sha yi masa magana a kan haka, yakan ce in bar shi, ƙarfe da zafi ake dukansa. Amma shi ne kuma mutumin da, tun da mai ɗakina ta rasu, bai bar la'asar ta wuce ni ni kaɗai ba, sai in ba ya gari. Zai iso da shayi cikin ɗan tulunsa na ƙarfe da sandar rake a hammata, ya zauna yana feƙe raken da wuƙa ƙanana-ƙanana, tunda ni da shi haƙora sun yi mana sallama. Tsoho yake kirana, alhali ya girme ni. Wani lokaci har magariba ba mu ce wa juna komai ba, kuma ya isa.

Yanzu ga maganar kamiyon nan. Mai kayan wani Alhaji ne da ba zan faɗi sunansa ba, ba don ya cancanci sutura ba, sai don ba na son sunansa ya zauna a takarda ɗaya da na Lawali. Ya sayo ulu shiɓaɓɓe daga arewa, zai kai wa masu saƙar barguna da dardumomi a ƙetaren iyaka, kuma ba shi da shaidar asali, ba shi da ta likitan dabbobi. Sai ya ga hanya mai sauƙi ita ce a rubuta diddigar audugar ƙasar nan ce, ta cusa katifa, wadda ke wucewa ba tare da wannan duka ba. Akwai masu biro da za su rubuta masa haka ba su ko ɗaga kai ba, amma motarsu sai an sauke ta, kuma in aka sauke asiri zai tonu. Sunan Lawali yake bukata, don shi ne sunan da ba a sauke wa mota.

Lokacin ciwo ya riga ya kwantar da Lawali, ya ba Mutari izinin sa hannu a madadinsa, da sharaɗin duk kayan da ba a saba da su ba a kawo masa samfur har gado. Ina zaune a ɗakin ranar da Alhajin ya zo, wai dubiya. Mutari ya miƙa wa uban ɗan dunƙulen abin. Tun daga yadda ya murza shi na san ya gane, amma duk da haka ya ce a ba shi ashana. Hannunsa na rawa, sai da ya ɓata tsinke da yawa kafin ɗaya ya kama. Ƙauri ya cika ɗakin, har maiɗakinsa Hajiya Zinaru ta yi magana daga tsakar gida, wai wa ke ƙona gashi a ɗakin marar lafiya. Lawali ya ce ulu ne, shiɓaɓɓe, ya tambayi takardunsa. Alhajin ya gyara zama ya shiga lallashi: ai fari ne, ai laushi ne, ai yaran da ke bakin iyaka yanzu ba su taɓa ganin tunkiya mai ulu ba, kuma shi ba zai manta da wannan gida ba, musamman yanzu da ake ta sayen magani. Lawali ya bari har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, ranar da ka nuna mini gonar da ake shuka tumaki, a ranar zan sa hannu."

Bai kore shi haka kawai ba. Ya gaya masa inda zai nemo kowace takarda, ya ce in ya kawo su Mutari zai yi masa aikin ko da bai biya ladan biro ba. Alhajin ya ce zai duba, ya tafi, ya bar motar tsaye da direbanta yana kwana a ƙarƙashinta. Da Lawali ya ji haka sai ya sa a riƙa kai wa direban tuwo daga gidansa safe da yamma. Ya ce shi bawan Allah ne aka ɗora masa kaya, ba shi ya raɗa musu suna ba.

Yanzu na gane Alhajin ba takarda ya tafi nema ba. Ya ga yadda hannun nan ke rawa, ya koma ya zauna jira.

Na halarci zaman makoki da yawa a rayuwata, har sun fi bukukuwan da na halarta, amma ban taɓa tashi daga wani da ƙyama kamar wannan ba. Da yake ba na iya zaman tabarma, sai aka sa mini kujera a jikin bangon zaure, ta yadda ina ganin kowa, ina kuma jin abin da ake faɗa a bayan bangon. Mutanen da suka ƙaurace wa bironsa shekara da shekaru, waɗanda ke kiransa tsohon da ya hana ruwa gudu, su ne a sahun gaba. A shafa fatiha, kafin hannu ya sauka daga fuska an ɗauki salula ana cinikin mota. Alhajin ya iso da rago da buhunan shinkafa, ya zauna inda kowa zai gan shi, ya ɗaga murya ya ce an yi rashin mutumin da in ya ce fari to fari ne, irinsu sun ƙare. Jama'a suka amsa da gaskiya ne. Na dubi bakin da ke faɗar haka, na rasa inda zan tofar da yawu.

Alhajin bai ko bari a watse ba. Ya tashi kamar zai yi alwala, ya yafito Mutari, suka zagaya bayan zauren. Da kunnena na ji yana cewa, "Ɗana, wanda ya tafi ya tafi, Allah ya ji ƙansa. Kai ne babba yanzu, ga gida a wuyanka. Hatimi dai yana hannunka ko?" Ban ji amsar Mutari ba. Ƙasar kabarin ubansa ko bushewa ba ta yi ba.

Ranar sadakar uku aka yanka ragon. Da aka zo babbakar kai da ƙafafu, hayaƙin ya biyo iska ya shigo zaure, sai wani daga cikin masu biron nan ya daki cinyar na kusa da shi ya ce da Malam Ashana na nan da yanzu ya nemi takardar likitan dabbobi. Aka kwashe da dariya, har da mai ragon. An kawo mini nawa kason a kwano, na ce a ba wani.

Bayan 'yan kwanaki, ina zaune a zauren tare da sauran masu karɓar gaisuwa, sai ga direban nan ya shigo da kwanonin gidan a wanke. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya ce a yi masa godiya wurin Hajiya, Allah ya yi, takarda ta fito, yau zai wuce. Shi bai san abin da ya faɗa ba. Kafin la'asar motar ta ƙetare. Ba na ɗora wa ma'aikacin da ya duba ta laifi ko kaɗan. Ya buɗe ya ga fari mai laushi, kamar yadda Lawali ya gani yana saurayi, ya duba takarda ya ga sunan da bai taɓa yi musu ƙarya ba. Da me zai yi zargi? Amanar da mutum ya yi shekaru yana tarawa, ita aka ɗauka aka yi wa ƙarya riga da ita, shi kuwa yana kwance ba ya iya cewa a'a.

Na sa aka kira mini Mutari. Bai yi musu ba, kuma da na gaya masa zan rubuta wannan, ya ce in rubuta, amma in haɗa da abin da ya ce. To ga shi. Ya ce ubansa ya bar musu suna amma bai bar musu ciniki ba. Ya ce akwai ma'aikata a biron da ke da iyali, akwai ƙannensa da ke karatu, kuma Alhajin ya yi alkawarin duk motocinsa da na abokansa za su dawo wurinsu. Ya ce ulu ne ko auduga, wa ya mutu? Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni fa tun ina yaro nake yi masa aikin daidai, bai taɓa cewa na iya ba." Wannan ta ƙarshen ta taɓa ni, don gaskiya ce. Amma na ce masa in haushin uban yake ji, ai da yana raye ya kamata ya gaya masa, ba ya bari sai da aka rufe shi ya ara bakinsa ya yi ƙarya da shi ba. Na ce abin da ya wuce ba ya dawowa, amma motoci na nan tafe, kuma kowace da sunan Lawali za ta ƙetare.

A tsakar gida muke wannan magana, kusa da ɗakin da Hajiya Zinaru ke takaba. Mutari ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa yi masa magana kai tsaye a gaban mutane ba. A ranar ma ba ta karya wannan ba. Daga bayan labule ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata, sannan ta yi magana da ni kamar ba ya wurin. Ta ce ta ji komai. Ta ce ita ba ta yi lakwal ba, ba ta san babi ba, amma ta san warin da ya cika ɗakin mijinta, ta kuma san abin da ya ce. Ta ce a gaya wa yaron nan ya kawo mata hatimin kafin magariba, a kuma shafe sunan Malam daga bangon biro. Tebur da kujeru da ɗakin, in an zo rabon gado ya ɗauki rabonsa, ba ta hana shi neman abinci ba.

Mutari ya ce, yana kallon ƙasa, in aka cire sunan ai biron ya mutu, don ba wanda zai zo. Labulen bai motsa ba. Ta ce, "A gaya masa in suna zai sayar, ya sayar da nasa. Shi ma an yanka masa rago."

Mutari ya juya. Sannan ya fita, kuma kafin a kira salla ya dawo ya ajiye hatimin a bakin ƙofarta, ya tafi. Na ji yanzu yana ta zirga-zirgar neman izini da sunan kansa. Na ji kuma Alhajin, da ya sami labari, bai sake taka ƙofar gidan ba, har motocin da ya yi alkawari sun bi wata hanya. Ban yi mamaki ba. Ba Mutari ya zo nema ba tun farko.

Shekaranjiya na ce wa ɗan kabu-kabu ya bi da ni ta gaban biron. Na tarar da mai fenti a kan tsani, ya riga ya bi bangon sau ɗaya, amma haruffan na nan suna leƙowa ta ƙarƙashin farin, ana iya karanta su. Ya gaishe ni ya ce sai ya bushe zai ƙara. Na ce masa ya ƙara da kauri, kada ya yi rowa. Ban taɓa zaton zan rayu in ga ranar da zan tsaya a bakin hanya ina roƙon a shafe sunan abokina ba, ina kuma jin sanyi a raina da aka yi. Amma a garin da aka yi masa wannan yabo a kan tabarma, wannan shafewar ita ce kaɗai girmamawar gaskiya da na ga an yi masa.

Ya Allah, ga bawanka Lawali ya zo gare ka. Kai ne ka san abin da ke cikin kowace dila ba sai an kwance ba. Ka san mota ɗaya ta ƙetare da sunansa ba da yardarsa ba, kada ka tambaye shi ita. Ka gafarta masa kaifin harshensa da abin da ya tauye wa ɗansa na kyakkyawar magana, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Hajiya Zinaru haƙuri da ladan abin da ta yi, ka rufa wa 'ya'yansa asiri, ka ciyar da ma'aikatan biron nan ta hanyar halal. Mutari kuwa, ka yafe masa, ka buɗe masa ƙofa, ka ba shi ikon gina nasa sunan har wata rana a ga hatiminsa a ɗaga wa mota hannu ba tare da an cuci kowa ba. Mu da muka yi saura, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.